Kujerar alwalar Baba da katakon da ya zo daga Amurka

A ƙarshen hunturun bara wani Alhaji daga Dutse ya aiko direbansa da teburin cin abinci a bayan a-kori-kura, wai in duba ko zai gyaru. Irin kayan gwanjon nan ne da ake shigowa da su ta Kwatano. Fuskarsa ta rabu gida uku daidai inda aka haɗa fallankan da gam, ƙafa ɗaya ta karye, ɗaya kuma tana rawa. Hunturunmu ne ya yi masa haka. Katakon da ya sha damshin teku ya zo ya gamu da iskar watan Janairu ta Jigawa, dole ya tsuke, gam ya saki. Na buga wa Alhaji waya na ce, "Ranka ya daɗe, zai gyaru, amma kuɗin gyaran ya kusa na sabo." Ya ce to in yi masa sabo da maɗaci, wannan kuwa in san yadda zan yi da shi.

Tun wajen saukewa na san ba katakon wasa ba ne. Ni da yaran shago biyu muka kama, sai da muka huta sau ɗaya kafin mu kai shi inuwa. Da na kifa shi, na ga tambari a ƙasan fuskar, an rubuta cewa a jihar Arewacin Karolina ta Amurka aka yi shi.

Shekarata 22 ina aikin kafinta a garinmu da ke ƙasar Birnin Kudu, kafin nan kuma a gidan sassaƙa na tashi. Mahaifina masassaƙi ne, turmi da taɓarya da akushi da ƙota ya ciyar da mu da su har ƙarfinsa ya ƙare. Tun ban kai tsayin gatari ba ya koya mini cewa kowane itace da aikinsa: ƙirya ta turmi ce, aduwa ta allo, giginya ta azara, marke na dirka. Idan aka rufe mini ido aka miƙo mini ɓarɓashi, zan iya bambance maɗaci da kanya da hanci kawai. Amma da na sa zarto a wannan, ƙamshin da ya tashi baƙo ne gare ni, mai ɗan tsami-tsami, ba na mu ba. A fuskar fallankin kuma akwai wasu zane-zane masu sheƙi da suka gitta jijiyar katakon, in ka juya shi a rana sai su riƙa walƙiya kamar ɓawon kifi.

Na jingine shi a lungu har wata biyu, sai da ƙanina ya zo gida hutun ƙaramar sallah. Shi ilimin gandun daji ya karanta. Ya ɗauki guntun ƙafar da ta karye, ya ɗauki yankin fuskar, ya daɗe yana duban bakin yanka, sannan ya ce, "Yaya, ai itace biyu ne a teburin nan." Turawa suna rubuta sunansa oak, a baki kuma ok ake ji. Ya ce fuskar farin ok ce, ƙafafun kuma jan ok. Ni dai a idona kalarsu kusan ɗaya ce, don an shafe su da mai iri ɗaya. Sai ya ce in yanko masa guntu kamar tsawon yatsa daga kowanne, bisa tsawon jijiya, in sa a kawo ruwa a kofi.

Ya tsoma bakin guntun ƙafar a ruwa, ya sa ɗaya bakin a bakinsa, ya hura. Wallahi sai ga kumfa tana tasowa daga ƙasan katakon, kamar yaro yana hura karan dawa. Yaran shago suka yi ta salati. Ya miƙo mini guntun fuskar ya ce in gwada. Na hura har kumatuna suka yi ciwo, ko ɗigon kumfa ɗaya bai fito ba. Gani ya kori ji.

Bayanin da ya yi mini ranar shi ya sa na shiga karance-karance a waya, kuma har yau ban gaji da maganar itacen nan ba. A jikin kowane itace akwai ƙananan bututu da ke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye. Idan itacen ya girma, tsakiyarsa ta daina aikin ɗaukar ruwa ta zama ƙwarya, to a farin ok wasu 'yan ƙullutai kamar kumfar sabulu sukan tsiro a cikin bututun su toshe su ƙam. A jan ok kuwa yawancin bututun a buɗe suke zama. Shi ke nan bambancin, abin da sai da gilashin ƙara girma ake ganinsa sosai, amma shi ya raba wa itatuwan biyu sana'a. Jan ok na cikin ɗaki ne: daɓen katako, kabad, kujeru, matattakala. Farin ok kuwa duk inda ruwa yake ana nemansa.

Masana suna kiran farin ok Quercus alba. Gidansa gabashin Amurka ta Arewa ne, daga kudancin Kanada har zuwa arewacin Fulorida, ta yamma kuma har Minesota da gabashin Teksas. Yakan kai mita 25 zuwa 30, in ya sami fili kuma sai ya baje rassa kamar tsohuwar ɗorawa. Ganyensa mai yatsu ne masu zagayayyen baki, na jan ok kuma masu tsini. Da sanyi ya gabato sai ganyen ya rine ya koma ja-ja, ya bushe, itacen ya tsaya cik har bazararsu. Wannan tsayawar ce take barin zobe ɗaya a jikinsa kowace shekara, a fili ƙarara. Na zauna da allura na ƙirga zoben da ke bakin fallanki ɗaya mai faɗin inci 6, na sami 74. Fallanki ɗaya ke nan, ba duka gungumen ba. Shekara 200 zuwa 300 ba wani abin mamaki ba ne a wurin wannan itace. Akwai wani da ya yi suna a jihar Merilan, ana ce masa Wye Oak, wanda ya haura shekara 450, kewayen gindinsa ya fi mita 9. Guguwa ce ta kayar da shi a watan Yuni na 2002, kuma daga katakonsa aka yi wa ofishin gwamnan jihar teburin aiki.

Zanen nan mai walƙiya ma ashe daga yanka yake. Maimakon a yanka gungumen falle-falle daga gefe zuwa gefe yadda ake yi wa katakon da muke sarowa a 'Yan Katako ta Na'ibawa, sai a fara tsaga shi gida huɗu kamar kankana, sannan a fitar da fallankan daga ɓawo zuwa tsakiya. Yankan yana da asara, yana cin lokaci, amma katakon da ya fito ba ya kumbura sosai, ba ya kuma karkacewa. Duk kafintan da ya taɓa yin ƙofa da rani, damina ta zo ta ƙi rufuwa, mai gida ya zo yana faɗa, ya san darajar wannan.

Aikin da farin ok ya fi suna da shi shi ne ganga. Kafin zuwan gangar ƙarfe da ta roba, a gangar katako ake zuba ruwan sha na matafiya a teku, da mai, da kifin da aka sa wa gishiri. Babu gam, babu ƙusa a tsakanin fallankan, sai zoben da ya ɗaure su, ruwa ya kumbura katakon ya matse kansa. A yau mafi yawan gangunan da ake yi a can na masu barasa ne, musamman a jihar Kentaki, inda dokar ƙasar ta ce wani nau'in barasarsu sai a sabuwar gangar ok da aka babbake cikinta za a ajiye shi. Wannan ba harkarmu ba ce, kuma ina jin takaicin a ce itace mai shekara ɗari ya ƙare a nan. Na faɗa ne don duk mai maganar kasuwar farin ok bai isa ya tsallake ta ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne jirgin ruwa. Akwai jirgin yaƙin Amurka mai suna Constitution, wanda aka saka a ruwa a birnin Boston a 1797. Fallankan jikinsa farin ok ne, haƙarƙarinsa kuma na wani ɗan'uwansa ne da ke fitowa a kudancin ƙasar, mai tsananin tauri. A yaƙinsu da Ingila na 1812 an ga harsasan igwa suna bugun jikinsa suna faɗawa ruwa, har aka yi masa laƙabi da mai haƙarƙarin ƙarfe, alhali katako ne. Jirgin yana nan a kan ruwa har yau. Kuma sojojin ruwan ƙasar sun keɓe wani daji na farin ok a jihar Indiyana, ana rainonsa musamman don duk lokacin da jirgin zai buƙaci gyara. Na daɗe ina juya wannan a raina. Mutanen da ke kula da dajin nan sun san wasu itatuwan sai bayan ransu za su isa yanka.

Masu jirgi suna turara katakon da tururin ruwan zafi har ya yi laushi, su lanƙwasa shi yadda suke so, ya huce a haka. A tsaunukan Afalashiya kuma mutanen karkara suna tsaga ɗanyen ƙaramin itacen siriri-siriri su saƙa kwanduna, kamar yadda matanmu ke yi da kaba. Da na gaya wa Baba wannan, cewa ya yi, "To ai dama itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Baba ne ma ya sa na san abin da zan yi da fallankan. Ya haura shekara 80, gwiwa ta hana shi tsuguno, a kan 'yar kujera yake alwala a bakin zaure. Sau biyar a rana ruwa yana zuba a kanta, ƙafafunta kuma kullum a cikin laima. Na yi masa uku da farin katakon kasuwa, babu wadda ta wuce damina biyu, sai ƙafa ta ruɓe daga ƙasa. Na ce to ga katakon da aka yi jirgin ruwa da shi, bari mu gani.

Aikin ya ba ni wuya. Zartona ya dakushe tun kafin in gama fitar da ƙafafu, ƙusa kuma ba ta shiga sai na fara huda mata hanya. Na haɗa ta da ƙusa 'yar inci 3 yadda na saba, na goge da samfefa, na kai masa ranar wata Juma'a. Ya shafa ta da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ce, "Wannan itacen bai yi gaggawar girma ba. Allah ya yi maka albarka."

Ba a yi sati biyu ba sai ga jikansa a shago, wai Baba yana kira. Na tarar da kujerar a gabansa. Kowace ƙusa ta yi baƙin zobe a kewayenta, baƙi mai shuɗi-shuɗi, wasu har sun zubo ƙasa kamar an ɗiga tawada. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauka ruɓa ce ta fara, na sa farce na kankara, katakon yana nan da ƙarfinsa kamar dutse.

A lokacin maƙwabcinmu baduku yana zaune tare da Baba, sa'ansa ne, tare suka yi karatun allo. Ya ce in miƙo masa. Ya duba, ya sansana, ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wannan ai kuloko ne." Ya aiki yaro gida ya ɗauko 'yar tukunyar da yake jiƙa guntayen ƙarfe a ciki, wadda yake baƙanta fata da ruwanta. Ya ce in kawo ragowar katakon. Ya tsoma tsumma ya shafa sau ɗaya. Muna kallo wurin ya fara duhu, kafin mu gama magana ya zama baƙi wuluk. Ya ce haka fatar da aka jeme da bagaruwa take yi in kuloko ya taɓa ta, fatar da ba ta sha bagaruwa ba kuwa ba ta kamawa. "Itacen nan naka," in ji shi, "da bagaruwarsa a jikinsa ya zo."

Da daddare na kira ƙanina, ya ce maganar tsohon babu kuskure ko ɗaya. Sinadarin da ke sa 'ya'yan bagaruwa bauri, wanda majema ke jima da shi, ana kiransa tanin, kuma farin ok cike yake da shi. In ya haɗu da ƙarfe da ruwa sai ya zama baƙi. Shekaru aru-aru da ɓawon ok Turawa suke jeme fata, yadda majeman Kano suke yi da bagaruwa, kuma tsohuwar tawadarsu ta rubutu ma daga wasu ƙullutai da ke fitowa a jikin ok ake haɗa ta da ƙarfe. Wannan tanin ɗin yana cikin abin da ke sa ƙwaryar itacen jure ruɓa. Shi ya sa masu aikinsa a wurin ruwa suke amfani da ƙusar tagulla ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ko su bar ƙusa gaba ɗaya. Abin ya tsaya mini a rai: tsohon da bai taɓa jin sunan itacen ba, bai taɓa wuce Kano ba, kallo ɗaya ya yi ya gane abin da ni mai waya a hannu na kasa ganewa. Irin ilimin da ke hannun dukawa da majema da maƙera na garuruwanmu ke nan, kuma kaɗan ne daga cikin 'ya'yansu suke zama su karɓa.

Badukun ya ba da shawarar a shafe kujerar duka ta zama baƙa. Baba ya ce a'a, shi zanen nan mai walƙiya yake so ya riƙa gani. Ya dube ni ya ce, "Kai da ka tashi a gidan sassaƙa, wa ya ce maka sai da ƙusa?" Na ji kunya ƙwarai, don gaskiya ya faɗa. Na koma na ɗauki fallanki na biyu, na fafe ramuka, na fiƙe kawunan ƙafafun suka shige, na huda na buga turaku na katako. Turakun daga wani tsohon guntun ƙirya na fitar da su, ragowar turmin da Baba ya sassaƙa tun ina yaro wanda ya tsage aka ajiye. Kwana uku na yi a kan abin da da ƙusa zan gama kafin azahar.

Guntun ƙiryar nan sai da na bincika gida kafin in same shi, kuma a nan maganar ta dawo kanmu. Lokacin ƙuruciyar Baba, da sassafe yake fita da gatari ya dawo da gungumen ƙirya kafin rana ta take. Yanzu masu sassaƙa turmi a yankinmu sayen gungume suke yi daga nesa, ta wajen ƙasar Bauchi, motocin gawayi kuma ba sa yankewa a kan titi. A gonakinmu za ka ga manyan gawo da ɗorawa jefi-jefi, duka tsofaffi, ka duba ƙasa ka rasa mai tasowa. Wanda ya tsiro, in ya tsira daga fartanya da garma, akuya na jiransa da rani.

Na yi mamaki da na karanta cewa farin ok ma yana cikin irin wannan hali a ƙasarsa. Manyan suna nan da yawa, ƙananan da za su gaje su ne suka yi ƙaranci. Dalilansu dabam ne da namu. Su kusan shekara ɗari suka yi suna hana wuta shiga daji, sai wasu itatuwa masu jure inuwa suka cika ƙasan dajin suka tare wa 'ya'yan ok hasken rana, barewarsu kuma ta yi yawa tana cinye tsiron. Ga shi itacen ba ya sauri: yakan kai shekara 20 kafin ya fara 'ya'ya, sai ya doshi 50 yake yi da yawa, kuma ba kowace shekara ba. 'Ya'yan suna kama da ƙwallon kaɗanya ƙarami mai 'yar hula a ka. Na farin ok a shekara ɗaya suke nuna, ba su da bauri sosai, suna faɗowa suke fara tsiro, don haka barewa da talotalon daji da kurege suke rububinsu. Na jan ok sai sun shekara biyu a kan reshe, sun fi bauri, su kurege ya fi binnewa don ajiya, wanda ya manta da shi kuma ya tsiro. Mutanen asalin ƙasar, tun kafin zuwan Turawa, sukan daka 'ya'yan su yi ta wanke garin da ruwa har baurin ya fita, su yi abinci da shi.

Daminar da ta wuce ban bari an yi mini sassabe yadda aka saba ba. Na bi gonar da kaina kafin 'yan ƙwadago su shiga, duk kututturen da ya yi toho na zaɓi reshe biyu masu ƙarfi na bari, na datse sauran, irin abin da manoman Maraɗi suke kira sassaben zamani. Na sami gawo 5, aduwa 3, ƙirya 2. Ƙiryar na kewaye su da ƙaya saboda awaki. Wani maƙwabcin gona ya ce inuwa za ta rage mini gero, na ce na ji, na kuma yarda da ragin.

Kujerar Baba ta biyu ta ci damina ɗaya yanzu, ta shiga hunturu. Jiya bayan la'asar na kifa ta na duba ƙafafun. Sun ɗan yi duhu inda suke taɓa ƙasa, amma farce ba ya shiga, turakun ƙiryar kuma sun zauna daram. Ta farkon mai baƙin zobe tana gidan baduku, shi ya roƙa, ya shafe ta da kuloko ta zama baƙa gaba ɗaya, a kanta yake ɗinki. Guntun jan ok ɗin nan kuwa Baba ya karɓe tun ranar da ya ga an hura shi. Yana aljihun rigarsa tare da carbi. Duk baƙon da ya zauna a zaure, sai ya sa an kawo ruwa a kofi, ya tsoma, ya hura, sannan ya miƙa masa guntun farin ya ce, "Bismillah, gwada wannan."